Sakin Agyaragu

Uwani, ranar da kika zo da yara hutu kina yi wa ƙanwar mijinki kitso a baranda, na ji kina gaya mata cewa kakanku ne ya raba ni da babanku, wai don ba ya son ɗan wasa a zuri'arsa. Ban ce miki komai ba saboda baƙuwa. Na san a wurin yayanki Abba kika ji, shi kuma a wurin 'yan unguwa, su kuma a bakin babanku, wanda in ya ba da labari sai ya gyara shi yadda za a yi dariya. Kakanku da babanku duk sun kwanta dama, ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka ji abin da aka faɗa a zauren Baba. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, ku yi haƙuri da rubutun, amma kunnena bai taɓa yi min ƙarya ba.

Da aka kai ni gidan babanku tela ne. Yana da keke a bakin kasuwar Lafia, sai dai bakinsa ya fi keken gudu. Mutum zai kawo yadi a yanka masa riga, ya zauna yana dariya har azahar, ya tafi ba a ko gwada shi ba. A nan wani ma'aikacin ofishin yaɗa labarai ya gan shi, Oga Bitrus, mutumin Eggon, dogo mai gilashi, ya ja shi cikin ƙungiyarsu ta dirama. Lokacin muna ƙarƙashin Filato, komai daga Jos ake aiko shi. In gwamnati na son manoma su sa takin zamani, ko mata su tace ruwa, ko a kai yara rigakafi, sai a ɗora su a motar ofis da lasifika a kanta, yau Doma, jibi Ashige, su share filin makaranta su yi wasa. Ba albashi ba ne, in an fita a samu, in mota ta lalace a zauna. Haruna Tela ya koma Haruna Ɗan Wasa, keke kuma ya dawo gida aka rufe shi da tsohon zanena.

Ku san yadda suke aikin, don a nan abin ya fito. Ba a rubuta musu komai. Oga Bitrus zai tsaya ya ce kai ne miji, ke ce mata, kai ne malamin asibiti, farkon labari kaza, ƙarshensa kaza, tsakiya kuwa kowa ya nemi bakinsa. Wanda ya fi iya magana shi ne fili ke nasa. Babanku yana da hali ɗaya da duk abokan aikinsa suka sani: ba ya barin dariyar ƙarshe ta zama ta wani. In abokin wasa ya faɗi abin da jama'a suka ji daɗi, sai ya nemo wanda ya fi shi, ko da labarin zai karkace. Oga Bitrus ya sha yi masa faɗa a kan haka, amma ba ya iya korarsa, don shi mutane ke zuwa gani.

A tsakar gidanmu suke gwaji, ƙarƙashin mangwaro, saboda ofis ba wuri. Ni kuwa kun san ni da gida. Kasuwa ma sai in na rasa ɗan aike. Daɗina in ji tukunya na tafasa, wata maƙwabciya ta leƙo mu yi ta zuba. To ina gindin murhu ina jin su, har na haddace maganar kowa, da inda yake jan numfashi, da inda yake tari. In sun watse sai in yi wa babanku muryar Oga Bitrus, yadda yake ce wa mace “kai” ya ce wa namiji “ke”, ya yi ta dariya har ya kwanta a tabarma. Mace ɗaya ce a cikinsu, Ladi, yarinyar Alago mai hankali, ita ke fitowa matar gida a kowane wasa. Na sha gyara mata. Nakan ce mata matar aure in ta ji haushi ba riƙe ƙugu take yi ba, tukunya take yi wa magana don miji ya ji. Waɗannan shekarun na ji daɗinsu, ba zan ɓoye ba.

Shekarar da soja suka karɓi mulki suna sa mutane bin layi, aka aiko musu su yi wasa a kan zuwa awon ciki. Labarin shi ne miji ya hana matarsa zuwa asibiti, ta saci jiki ta je, ya kore ta, daga baya haihuwa ta zo da gardama aka cece ta, ya gane kurensa. Aka sa ranar kasuwar Agyaragu. Ana gobe za a tafi aka aiko daga Doma uwar Ladi ba lafiya, ta kama hanya. Wani cikinsu ya ce a ɗaura masa zane ya fito mace kamar yadda suke yi da, Oga Bitrus ya ce a'a, manya za su zo daga Jos. Sai duk suka juyo suna kallona. Ina da cikinki wata shida, Uwani. Oga Bitrus ya ce ga shi ma ba sai an cusa tsumma ba.

Na ce ba za ni ba. Babanku ya bi ni har ɗaki yana lallashi, ya ce sau ɗaya ne, ya ce in wasan ya lalace a gaban manya an gama da su, ya ce ai shi ne mijina, shi ya ba ni izini, wa zai yi magana. Na yarda. Da muka gwada, sunan matar a wasan Talatu ne. In ya ce Talatu sai in tsaya ina jiran Ladi ta amsa. Aka yi, aka sake, duk haka. Oga Bitrus ya gaji ya ce a bar min sunana, ya kira ni Rakiya kawai, wa ya san ni a Agyaragu. Babu wanda ya ga komai a cikin wannan, har ni.

Bayan la'asar aka fara. Filin makarantar ya cika, 'yan Tibi da suka kawo doya, Fulani masu nono, matan Migili da goyo, wasu a kan bishiya. Da na fito ban san ta inda zan fara ba. Amma da babanku ya daka min tsawa ya ce daga ina nake, sai na ji kamar a gida muke, bakina ya buɗe. Na ce daga awo. Ya juya ga jama'a ya ce uwarsa tara ta haifa ba ta taɓa ganin ƙofar asibiti ba. Maza suka yi dariya. Ni kuma na juya ga tukunyar da aka ajiye min, ina motsa ta, na ce:

“Tara ta haifa. Nawa ta yaye?”

Mata suka ɗauka gaba ɗaya, wasu na guɗa, waɗanda ba su ji Hausa sosai ba ana fassara musu suna tafawa daga baya. Ya jefo wata, na mayar. Ya sake, na mayar. Duk abin da ya kawo, matan nan suna bayana. Na ga ya dubi jama'a, ya dubi kujerun manya, na ga wuyansa ya yi jijiya. A wurin nan abin da yake ce wa Ladi kullum shi ne ta tattara kayanta ta tafi gidansu. Ranar bai ga wannan zai ishe shi ba. Ya tako tsakiyar fili, ya kama abin magana da hannu biyu, ya nuna ni.

“Rakiya, na sake ki. Saki uku.”

Ya samu abin da yake so. Ihun da aka yi ya fi duk nawa. Muka ƙarasa wasan, aka tafa, manya suka ba Oga Bitrus hannu. A mota kowa na murna, sai direban, wani dattijo da ba ya yawan magana, ya dubi babanku ta madubi ya tambaye shi ko ya san abin da ya faɗa ɗazu. Babanku ya ce wasa ne, Baba direba, ya kwaikwayi yadda yake murza sitiyari, aka yi dariya aka bar maganar. Ni ma na yi dariyar.

Baba dillalin doya ne, kun sani, kuma rabin masu lorin da suka yi lodi a Agyaragu ranar abokan cinikinsa ne. Labari ya riga mu isa Lafia. Da hantsi Inna ta shigo gidanmu ko zama ba ta yi ba, ta ce Baba ya ce in ɗauko mayafina da Abba, sauran kaya a bar su tukuna. Babanku ya fito yana washe baki zai fara barkwanci, Inna ta ce masa ba ita ta aiko kanta ba. Na bar wake a jiƙe, ina cewa da yamma zan dawo in yi alala.

Yanzu ku saurara, ga abin da kakanku ya yi. Bai zage ni ba, bai zagi babanku ba. Ya tafi wurin limamin unguwarmu, Liman ya ce saki ba a wasa da shi, matarsa ce, ya kira sunanta, ya furta a gaban jama'a, ya auku, kuma uku ne, babu kome. Da Baba yana neman hanyar raba mu, ai ya samu, sai ya dawo gida ya zauna. Bai zauna ba. Oga Bitrus ya zo da hularsa a hannu, ya tsuguna a zaure, ina jin su ta bayan bango.

“Baba, wannan dirama ne. Ni ne na ce su yi. Mu a coci ma muna yi, mutum ya mutu yau, gobe ka gan shi a kasuwa yana ciniki.”

“Wanda ya mutu a wasanku na san yana tashi,” in ji Baba. “Wannan ne ban sani ba. Da na sani da ban rasa barci ba.”

Da ƙafarsa mai ciwo ya hau lori ya tafi Doma, wurin wani tsohon malami da ya yarda da shi. Ya dawo ya zayyana wa Inna, ina sauraro. Malamin ya ce wanda ke faɗin maganar wani ba shi ne mai maganar ba, kuma duk wanda ya taru a filin ya san wasa ya zo kallo. Ya ce da a ce babanku abin da ya saba faɗa ya faɗa, ko da sunan Talatu ya kira, da babu ma abin tambaya. Sunan ne ya dame shi. Ya ce shi a ganinsa bai auku ba, amma ba zai ce wanda ya ga ya auku ya yi kuskure ba. Haka aka bar Baba a tsakiya, malami nan, malami can, gari kuma ya rabu. A masallaci maganata, a mahauta maganata. Matan da ba su taɓa gaishe ni ba suka riƙa zuwa duba Inna don su ga fuskata. Ina zaune a ɗakin da na yi 'yan matanci, ciki na girma, ban san ko ni matar aure ba ce ko bazawara.

Baba ya yi ta juya abin, sannan ya yanke. Ya ce zai bi malamin Doma, zai ɗauki surutun gari da fushin Liman a kansa, ya mayar da ni. Sharaɗinsa ɗaya, babanku ya bar wasa. Ya ce ba don wasan haramun ne a wurinsa ba. Ya ce ba zai iya tsayawa gaban mutane yana cewa auren 'yarsa na nan ba, alhali gobe mijin yana wani fili yana sakin mata ana tafi, kowa na tuna Agyaragu. Ya ce ya buɗe kekensa, in ɗinki bai isa ba ga gefen rumfar doya. Ya aika masa ya zo.

Ya zo da safe cikin farar riga. Ina zaune a bayan ƙofar zaure, Inna na kusa da ni tana tsince shinkafa. Baba ya faɗi sharaɗinsa a hankali. Sai na ji babanku ya zube ƙasa. Ya ce shi maraya ne, ba shi da uba sai Baba. Ya ce shaiɗan ne ya hau harshensa. Muryarsa ta karye, ya tsaya, ya ja hanci, ya bugi ƙirjinsa, ya ce daga yau ya tuba ya bi Allah ya bi Baba. Inna ta ajiye faifai tana share ido. Ni kuwa na san maganar. A ƙarshen wasan awo akwai inda miji ke zuwa roƙon uban matar, na ji shi yana gwada ta a gindin mangwaro har ba adadi. Ita ce, ba ragi. Inda yake tsayawa a nan ya tsaya, inda yake bugun ƙirji a nan ya buga. Baba bai taɓa kallon wasa ba, bai san komai ba. Ya shigo cikin gida idonsa ja.

“Rakiya, ya ce ya bari. Ke kika zauna da shi, kin fi ni saninsa. In kin ce haka ne, yau ki koma ɗakinki.”

Ba ku san yadda na so in ce haka ne ba. Ina son ɗakina, ina son murhuna, ina son mutumin nan da duk halinsa. Amma zan koma ne kan shimfiɗar da rabin malaman gari ke cewa ta haramta, Baba zai zubar da girmansa a masallaci, duk a kan alkawari ɗaya. In alkawarin ma na wasa ne, a kan me zan kwanta? Na ce Baba ya ba ni izini in tambaye shi da kaina. Na ja mayafi na tsaya a bakin zaure. Yana durƙushe, da ya gan ni ya gyara fuska zai ɗora daga inda ya tsaya.

“Baban Abba, wannan na san ta,” na ce. “Faɗa min da muryar da kake ce min ruwan wanka ya yi zafi. Ka bari?”

Da ya yi magana, da ƙyar na ji shi, kuma muryarsa ce ta gida.

“Rakiya, manyan nan sun kira mu Jos. Talabijin ne. Wannan ɗaya kawai, in na dawo sai mu yi magana.”

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce to, Allah ya ba da sa'a, shi ya bi Liman. Ya ɗauki butarsa ya fita. Wannan shi ne duk abin da kakanku ya yi. Washegari aka je aka kwaso kayana, Inna ta ce ta tarar da waken nan yadda na bar shi, ya yi tsami ya bushe a kwano.

Ya je Jos. Ya fito a talabijin, sau kaɗan, maigadi ko ɓarawon kaza, mutanen Lafia suka taru a gidan mai akwatin suka gan shi. Can ana ba su takarda su haddace, shi kuma bai saba a ɗaure masa baki ba, ba a daɗe ba ya dawo. Daga nan duk inda aka kira shi yana zuwa. Ya hau lorin 'yan siyasa, yau na wannan gobe na wancan. Ya yi wa masu maganin basir talla a tasha. Ya yi bukukuwa. Kuma duk inda ya je sai an ce ya ba da labarin Agyaragu, yana bayarwa, ya gyara shi ya yi masa gishiri, shi ne mijin da wasa ya ci, Baba shi ne mugun suruki. Da labarin rabuwarmu ya ci abinci shekara da shekaru. Ni kuma a gari sunana ya koma matar wasa, manema biyu suka zo suka ji surutu suka janye, na zauna ina sayar da kunu a ƙofar gidan Baba. Lokacin da aka ba mu jiha ya riga ya tsufa, samari masu bidiyo ke ba shi tsoho mai tari a gefen fili. Ban ce mugu ba ne. In ya samu yana aiko muku. Ku ci gaba da yi masa addu'a, amma ku haɗa da kakanku, ku daina ɗora masa abin da bai yi ba.

Ke kuma Uwani, a gidan Baba na haife ki, wata biyu bayan wannan safiyar. Ranar suna babanku ya zo da goro da ɗan rago. Maza na zaune a ƙofar gida, tagar ɗakina tana kallon wajen. Aka yi addu'a aka raɗa suna, sai na ji ya fara. Ya yi muryar wanzami, ya yi kukan ragon, ya yi yadda Oga Bitrus ke gaida dattawa. Ƙofar gida ta kaure da dariya. Na ji ta Liman, mai kamar tari. Can na ji ta Baba ma, yana ƙoƙarin danne ta. Inna ta tashi za ta rufe tagar, na ce ta bari. Kina kan cinyata, ina jira in ji ko zai matso kusa ya tambayi yadda na tashi, ko da kalma ɗaya, da muryarsa ta gida. Ina nan zaune har aka naɗe tabarmi.